Alkawarin Mai Tukunyar Shinkafa

Kuramochi Shozo ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tallar tukunyar shinkafa ta lantarki. Tun yana saurayi ya shiga kamfanin Minase, ya fara da fanka da rediyo, daga baya aka tsayar da shi a kan tukunya, kuma a nan ya yi suna. Idan ya tsaya gaban matan aure a babban kanti ya buɗe murfi tururi ya tashi, ba ya buƙatar doguwar magana. Ƙamshin ne ke yi masa ciniki.

A kakar 1995 shugaban sashensu ya kira shi ofis a Tokyo, ya sa aka kawo shayi, abin da bai saba yi ba. Ya ce kamfani ya ƙera na'urar buga gem, irin wadda ake jonawa da talabijin, an sa mata suna Hibari. Ana bukatar gogaggun mutane su kai ta arewa. An zaɓe shi, zai koma Hirosaki.

"Ni fa ko sau ɗaya ban taɓa buga gem ba," in ji Kuramochi.

"Ka taɓa dafa shinkafa kafin ka fara sayar da tukunya?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani."

Suka yi 'yar dariya tare, kowa ya san abin da ba a faɗa ba. Mutumin da ya haura hamsin, idan aka ce an zaɓe shi zuwa gari mai nisa, kujerarsa ake so.

Matarsa Fumie ba za ta iya binsa ba. Mahaifiyarta na kwance a layin bayansu, ita ke yi mata komai, ga 'yarsu Natsuko tana shirin jarrabawar shiga jami'a. Da ya faɗa musu a wurin cin abinci, Fumie ta fara tunanin rigunan sanyin da za ta haɗa masa. Natsuko kuwa sai da ta ajiye tsinken cin abincinta don dariya.

"Minase? Gem? Baba, don girmanka kada ƙawayena su ji."

"Me ya yi zafi?"

"Ai kamar a ce kaka ta shiga gasar tseren babur ne."

Bai ji haushi ba, domin shi ma ra'ayinsa ke nan. Manyan kamfanonin gem sun riga sun raba kasuwa tsakaninsu, yaran ƙasar duk sun san inda suke kai kuɗinsu. Masu fanka da tukunya me suka sani a wannan harka? Ya riƙe wannan a ransa, ya hau jirgin ƙasa da jaka biyu.

A Hirosaki aka ba shi ɗaki ɗaya a saman shagon wanki da guga, da murhun kananzir, da tagar da ke kallon bangon maƙwabta. Ofishinsa tebur ne a lungun wurin gyaran kayan Minase, tsakanin firji marasa ƙofa. Masu gyaran suna gaishe shi da ladabi, amma idan lokacin abincin rana ya yi sai su tattara su fita tare suna hira da harshen garinsu wanda rabinsa kawai yake kamawa. Shi kuwa sai ya buɗe abincin da ya sayo a kanti ya ci yana kallon kalanda.

Wanda ya fara zuwa wurinsa Narumi ne, babban dillalin kayan wasan yara na yankin. Duk ƙaramin kantin da ke son na'urar gem ta hannunsa yake samu. Kuramochi ya rusuna, ya miƙa katin sunansa da hannu biyu, ya kwance kwalin ya ɗora Hibari a kan tebur. Fara ce, mai zagayayyen murfi a sama inda ake sa faifai.

Narumi ya danna murfin ya buɗe, ya leƙa ciki, ya ɗaga murya ya kira ma'aikatansa.

"Ku zo ku gani! Kuramochi-san, gwangwani nawa na shinkafa take ɗauka?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a tambaya ko tana ɗumama miya. Kuramochi ya yi murmushi irin na ɗan talla, ya fara karanto abin da aka koya masa a Tokyo game da saurin na'urar da kyan hotonta. Narumi ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Gem nawa gare ku?"

"Shida a yanzu, amma..."

"Shida. Akwai wanda yaro zai yi birgima a ƙasa a kansa sai an saya masa?"

Kuramochi kuwa ko ɗaya bai taɓa kunnawa ba. Ya mayar da ita kwali. Har ya kai ƙofa yana jin wani na kwaikwayon ƙarar da tukunya ke yi idan shinkafa ta nuna.

Haka ya yi ta zagaye har dusar ƙanƙara ta fara sauka. Wasu su karɓi katinsa su ce za su yi tunani, wasu ko kwalin ba sa bari ya kwance. Da ya ga masu kayan wasa sun ƙi, sai ya juya wurin nasa mutanen, masu kantin kayan lantarki. A cikinsu akwai wani dattijo Tsushima, wanda ya shekara talatin yana sayar da kayan Minase, har alamar kamfanin ce a saman ƙofarsa. Ya karɓi Kuramochi hannu biyu, ya zaunar da shi kusa da murhu, matarsa ta fere musu tuffa.

Shi bai yi dariya ba. Ya juya na'urar ya duba bayanta, ya ƙwanƙwasa jikinta da yatsa.

"Ƙira ta yi kyau. Ku dama ba ku iya yin abin banza ba. Amma ka ga, Kuramochi-san, fanka idan na sayar, ko kamfaninku ya rushe gobe za ta ci gaba da juyawa. Wannan kuwa ba ta da rai sai da faifai. Ranar da kuka daina yin faifai ta zama akwatin banza. Kuma ba Tokyo mutane za su je ƙorafi ba, nan za su zo, wurina."

"Kamfani ba zai daina ba."

"Dube ni ka faɗa. Nan da shekara uku kuna cikin wannan harka?"

Kuramochi ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya ga idonsa ya koma kan farantin tuffa.

"To ka gani," in ji dattijon, ba da faɗa ba. "Ci tuffa. Ta bana ta yi zaƙi."

Ranar Lahadi ce ta fi yi masa tsawo. Yakan kira gida da safe. Fumie ta ba shi labarin jikin mahaifiyarta, ta tambaye shi ko yana sa rigar ciki mai kauri, sai ta ce ruwa na kan wuta. Natsuko kullum tana ɗakin karatu. Daga nan ya wanke kayansa, ya shanya su a saman murhu, ya zauna. Wata Lahadin, da zaman ya ishe shi, ya jawo kwalin da ke bakin ƙofa ya jona Hibari da 'yar talabijin ɗinsa, don kawai a samu wata ƙara a ɗakin.

Gem ɗin tseren mota ya fara sawa, ya yi ta karo da bango har kansa ya fara juyawa. A gem ɗin faɗa kuwa kafin ya gane wanne ne shi an kayar da shi. Sai ya sa na ƙarshe, na kamun kifi. Tafki ne da sassafe, da ɗan kwalekwale, da hazo a kan ruwa. Babu mai korarka, babu mai dukanka. Ka jefa ƙugiya ka jira. Ya jira har ya fara tunanin ko na'urar ta tsaya, sai ya ga igiyar ta ɗan motsa. Ya danna da sauri, kifin ya tsere.

"Kai!" ya ce da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki.

Sai da hasken taga ya fara ja ya tuna bai ci abincin rana ba.

Daga ranar ya zama masunci. Ya gane cewa kifin bakin ciyawa daban yake da na tsakiyar ruwa, idan aka yi ruwan sama a cikin gem ɗin manya na tasowa sama. Ya fara tunanin mutanen da suka zauna suka yi wannan abu. Wanda ya sa kukan tsuntsu daga nesa, wanda ya sa kwalekwalen yana ɗan lilo, ba mutumin da ke wasa da aikinsa ba ne. Ya so ya gaya wa wani. Ya gwada faɗa wa Fumie a waya, ta ce, "Baban Natsuko, kai da gem? To, ka dai kula da idonka."

A ƙarshen Nuwamba aka tara 'yan tallar arewa a birnin Sendai. Shugaban sashen gem da kansa ya zo daga Tokyo. Ya nuna musu hotunan sababbin gem da ake kan yi, ya bugi tebur ya ce Minase ba leƙe ta zo yi ba, zama ta zo yi, ko shekara goma za a yi ana asara ba za a ja da baya ba. Sauran 'yan tallar, duk masu furfura irinsa, suka tafa a hankali suna duba agogo. Kuramochi ya tsinci kansa yana tafi da gaske.

A satin da ya biyo baya ya shiga kantin Ebina. Sau da yawa yana wuce shi saboda ƙanƙantarsa, ɗan kanti ne na kayan wasa da alewa kusa da makarantar firamare. Mai shi bazawara ce 'yar kimanin sittin, Ebina Tokiko, gajeriya mai kaifin baki. Ya same ta a kan tsani tana jera kwalaye.

"In inshora ce ina da ita. In addini ne ina da shi," ta ce ba ta juyo ba.

"Daga Minase nake."

"Af, mai tukunya! Labarinka ya riga ka zuwa. Narumi ya ba da shi a wurin taro har sau biyu." Ta sauko tana kakkaɓe hannu. "Kwance mu gani. Duk abin da Narumi ya yi wa dariya ina so in kalle shi da kyau."

Ashe tana da nata ciwon. Duk ƙarshen shekara, lokacin da iyaye ke neman na'urar gem ido rufe, Narumi sai ya kai wa manyan kantuna, ita ya ba ta biyu ko uku, su ma sai ta haɗa da tarkacen da suka ƙi sayuwa a rumbunsa. Yaran da ta sani tun suna goye sai ta ce musu babu, su tafi babban kanti.

Wannan karon Kuramochi bai karanto komai ba. Ya jona na'urar, ya sa faifan kifi, ya miƙa mata madannin.

"Me zan yi?"

"Ki jira."

"In jira? Wannan ne gem ɗin? Ai jira na iya shi tun kafin a haifi kamfaninku."

Amma ta jira. Da kifin ya ja ta yi ƙara, ta danna ko'ina, ya tsere, ta zage shi tas. Ta ce a sake. Sai a karo na uku ta fito da wani ɗan ƙarami, ta juyo tana dubansa kamar ita ta haƙa tafkin.

Ta dafa shayi. Suna sha ta ajiye wasa gefe.

"Kuramochi-san, mutanen unguwar nan manoman tuffa ne da ma'aikatan gwamnati. Abu irin wannan sau ɗaya suke saya wa yaro, sai kuma bayan shekaru. Idan na ce musu ga wannan, saboda ni za su saya. Kamfaninku zai tsaya?"

Tambayar Tsushima ce ta dawo masa. Sai dai yanzu ya ji shugaba da kunnensa, kuma ya san tafkin nan lungu-lungu. Ya dube ta ido cikin ido.

"Zai tsaya. Ba da bakin kamfani kawai nake faɗa miki ba, da bakina nake faɗa. Na yi miki alkawari."

Ta daɗe tana kallonsa.

"To. Kawo."

Disambar nan ita ce mafi daɗin watannin da ya yi a arewa. Ebina ta share masa gefen taga, ya kafa talabijin. Da an tashi daga makaranta kantin ya cika, takalma jiƙe da ƙanƙara, ana rige-rigen madanni. Yaran sun fi son tseren mota, suka sa masa suna Kawu Tukunya, yana amsawa. Iyaye maza da suka zo ɗaukar 'ya'yansu sukan tsaya a bayansa suna kallon tafkin, wani ya ce, "Jefa can gindin itacen mana." Ebina na daga bayan kanta tana yi wa kowa tsiya. Da yamma idan an watse sukan zauna su sha shayi, ta ba shi labarin mijinta da ya mutu ya bar ta da kanti, shi kuma ya ba ta labarin Natsuko. A garin nan kaf, nan ne kawai ake tambayarsa ko ya ci abinci.

Kafin sabuwar shekara duk abin da ya kawo ya ƙare, ya ƙaro. Gidaje da dama a unguwar suka kwana da Hibari a ƙarƙashin talabijin. Da ya je hutun sabuwar shekara gida ya so ya ba da labari, amma gidan a takure yake, Natsuko saura kwanaki jarrabawa, ana tafiya da sanɗa. Ya yi kwana uku ya koma.

A Janairu gem ɗaya ya fito maimakon huɗun da aka ce. A Fabrairu babu ko ɗaya. Idan ya kira Tokyo sai a ce ana kan shiri, daga baya aka fara ce masa wanda yake nema ya koma wani sashe. Yara suka fara shigowa kantin suna tambaya, "Kawu Tukunya, yaushe sabon zai zo?" Ya ce nan ba da daɗewa ba. Sannu a hankali suka daina tambaya, gefen taga ya koma babu kowa. Ebina dai ba ta fasa dafa masa shayi ba.

Wata safiya a tsakiyar Maris, yana zaune tsakanin firji, wayar teburinsa ta yi ƙara. Ba shugaban sashen ba ne, shi an ce ya ajiye aiki. Wata murya ce da bai sani ba, mai ladabi ƙwarai. Hukumar kamfani ta yanke shawarar janyewa daga harkar gem. Za a karɓi na'urorin da ba a sayar ba. Waɗanda suka riga suka saya za a ba su takardar rangwame a kan kowane kayan Minase. Shi kuma ya koma Tokyo a ƙarshen wata, an gode da ƙoƙarinsa.

Ya ajiye wayar. Masu gyara na can suna gardama a kan wasan ƙwallo. Ya sa kwat ɗinsa ya fita, bai ɗauki mota ba. Ƙanƙarar gefen titi ta fara narkewa ta zama caɓi, ya taka a ciki har kantin Ebina.

Tana ganin fuskarsa ta ajiye abin da ke hannunta.

"Sun gudu," ta ce.

Ya durƙusa a kan simintin kantin, ya kai goshinsa ƙasa.

"Tashi, tashi. Wani zai shigo ya ce na kashe mutum. Me suka ce a gaya wa mutane?"

Ya faɗa mata zancen takardar rangwame. Ta yi wata irin dariya gajeriya.

"Wato yaron da ya zuba kuɗin barka da sabuwar shekara da aka ba shi a kan gem, a ba shi rangwamen fanka."

"Ni na yi miki alkawari, Ebina-san. Ba su ba."

"Na sani. Ina wurin."

Ya ce yana neman alfarma ɗaya. Ta gaya masa gidajen da suka saya, zai je da kansa ya ba su haƙuri, kada ya bar ta da su. Ta ce kamfani ne ya sa shi? Ya ce a'a. Sai ta ɗauko makullin 'yar motarta.

"Ba za ka gane hanya ba. Kuma in ka je kai kaɗai kare za su sakar maka."

Suka yi kwanaki suna zagayawa, ita tana tuƙi, shi yana riƙe da kwalayen biskit na ban-haƙuri da ya saya da kansa. A cikin motar ba a hira. A kowace ƙofa ita za ta yi sallama, shi ya rusuna ya faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Wata mata ta karɓi biskit ta ce ba komai, dama yaron ya koma wasan ƙwallo. Wani mutum ya saurare shi har ƙarshe ya ja ƙofa ya rufe. Wata tsohuwa ba ta gane zancen ba sam, ta ɗauka ya zo karɓe na'urar ne, ta tare ƙofa ta ce mijinta kullum yana kamun kifi a ciki, ba inda za a kai ta.

Wanda ya fi tsaya masa a rai wani manomi ne da suka samu a gonarsa yana yi wa itatuwan tuffa aski. Ya sauko daga tsani, ya cire safar hannu, ya ji bayani.

"Ɗana ɗayar yake so, ta wancan kamfanin, irin ta abokansa," ya ce. "Ni na hana. Na ce masa tukunyar Minase ce a gidan nan tun ranar da aka kawo uwarka, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ya yi kuka, na ce zai gode min." Ya dubi Kuramochi, babu fushi a fuskarsa. "Yanzu me zan ce masa?"

Kuramochi ya ƙara sunkuyawa. Manomin ya jira kaɗan, ya mayar da safar hannunsa ya hau tsani.

Da suka gama gida na ƙarshe Ebina ta tsayar da mota a ƙofar kantinta, ba ta kashe injin ba.

"Ban riƙe ka a zuciya ba, Kuramochi-san. Na san ba ƙarya ka yi min ba, kai ma yi maka aka yi. Amma ni zan ci gaba da zama a unguwar nan, kuma gobe sai na je na rusuna wa Narumi." Ta gyara madubin mota wanda ba abin da ya same shi. "Ka gaida mutanen gida. Ina fata yarinyar ta ci jarrabawa."

"Ta ci."

"To madalla. Ka ga ko wani ya samu abin da yake so."

Ba ta ce ya shigo shan shayi ba, shi ma bai sa rai ba. Ya fita, ya tsaya a gefen titi yana rusune har ta shige kanti.

Ranar tafiyarsa masu gyara suka tsaya a ƙofa suka yi masa sallama, suka koma bakin aiki. Ya biya ta kantin Tsushima don yin ban kwana, yana shirye ya ji "ai na gaya maka". Dattijon bai faɗa ba. Ya ce ya ji labarin zagayen da ya yi gida-gida, ya kama hannunsa ya riƙe na ɗan lokaci, sannan wata mata ta shigo neman batir ya juya wurinta.

Jirgin ya yi ta gangarawa kudu, farin ƙasa yana raguwa har ya ƙare. Ya isa unguwarsu da la'asar. Ya danna ƙararrawa, shiru. Ya laluba aljihu, sai ya tuna makullinsa na cikin kayan da ya aiko ta mota, ba za su iso ba sai jibi. Ya ajiye jakunkunansa ya zauna a kan matakalar ƙofa.

Maƙwabciyarsu ta fito da kwandon cefane, ta gan shi, ta rusuna.

"A'a, Kuramochi-san! An zo hutu ne? Yaushe za a koma?"

"Na dawo ke nan."

"Kai, madalla. Ai kuwa kamar jiya ka tafi."

Ta wuce. Ya zauna yana kallon layin, yara na dawowa daga makaranta, babu wanda ya san shi a cikinsu. Sai da inuwa ta rufe matakalar Fumie ta ɓullo daga kwana da sauri, riƙe da ƙullin kwanukan mahaifiyarta.

"Baban Natsuko! Ba gobe ka ce ba?"

"Yau na ce."

"Kai, kaina ya cika. Ka daɗe a nan? Sannu, sannu." Ta buɗe ƙofa tana magana. Natsuko ta tafi duba ɗakin haya kusa da jami'a, sai dare. Jikin Mama ya ɗan matsa tun shekaranjiya. Babu komai a gidan sai sauran miyar safe, ko ya iya haƙuri da ita?

Ya ce zai iya. Ya cire takalmi, ya nemi silifas ɗinsa a inda suke zama bai gani ba, ta miƙo masa na baƙi. A kicin ta ɗora miya a wuta, ta juyo tana share hannu.

"To, yaya arewar? An ce abin bai yi ba ko?"

"Bai yi ba. Amma akwai wata mata mai kanti, da wani manomi..."

Wayar gidan ta yi ƙara. Fumie ta ɗaga, ta saurara, ta ce, "To Mama, ga ni nan." Ta ɗauki mayafinta, ta ce ya kula da miyar kada ta ƙone, yanzu za ta dawo ya ƙarasa mata.

Ya tsaya a gaban murhu yana juya miyar har ta tafasa. Ya kashe wuta, ya ɗauko kwano ɗaya ya zuba.